Yadda za ka gane mi ake nufi da "front" duk inda ka gamu da ita

Wanga rubutu ɗan ƙanwata ne ya ja shi, yaro ne mai shirin jarabawar WAEC, ranar nan ya kawo mani wasiƙar gwaji da ya rubuta in duba mashi, sai na ga a ƙarshe ya sa "we shall meet in front", na ce kai mi kake nufi a nan, ya ce kawu ai "sai mun haɗu nan gaba" ke nan. Na yi dariya har na ba shi haushi, amma daga baya na ga ba laifinsa ba ne, tun furamare anka ce muna front gaba ce, back baya, shi ke nan anka wuce, alhali gaba tamu ta Hausa tana da ɗiyan da front ba ta san su ba, ita ma front tana da nata da gaba ba ta kai can.

Abu na farko da za ka yi, ka cire "gaba" daga kanka na ɗan lokaci ka sa "goshi". Asalin kalmar ke nan, daga Latin ta fito inda frons ke nufin goshi, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, har yau in ka ƙetara Illela ka shiga Ƙonni ka tambayi ɗan boko zai ce maka front goshi ne a Faransanci. To duk inda ka ga kalmar ka tambayi kanka ina goshin abin, wane ɓangare ne ke fuskantar mutane ko ke fara cin karo da abin da ke tahowa, da wanga tambaya kaɗai rabin aikin ya ƙare. Sannan faɗinta, ba "furon" ba ne yadda muka saba, wasalin ya fi kusa da "a", kamar ka ce frant.

Mu fara da tasha tunda can kowa ya san ta. In ka je babbar tasha za ka hau motar Kano ko Kebbi ɗan kamasho ya ce gidan gaba an kama, wannan shi ne front seat, kuma a nan ne akwai tarkon da ke kada mutane da yawa. In ka ce "in front of the car" kana waje ne, kana tsaye gaban mota, in direba ya taka kai zai banka. In ka ce "in the front of the car" kana ciki ka hakimce kusa da direba kana shan iska. Wannan 'yar "the" ɗin ita ce tsakanin fasinja da wanda za a kwasa zuwa asibiti, don haka kar ka raina ta.

Tarko na biyu wajen kwatance ne, kuma shi ya fi ba ni ciwon kai don na taɓa shan rana a kansa. Wani baƙo ya turo mani saƙo wai yana "in front of" wani masallaci a Mabera, na zo na tsaya ƙofar masallacin ina ta waige-waige rana na dukana, ka san ranar Sakkwato ta watan Afrilu ba ta da wasa, ashe bawan Allah yana tsallaken titi cikin inuwar wani shago yana kallona bai gane ni ba. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne opposite, wato daura da wurin, hanya ta raba ku. In front of kuma kana gefe ɗaya da ginin, dab da ƙofa. Haka in kana bayan ɗan kabu-kabu kana son ka ce "ƙara gaba kaɗan", a titin Najeriya za ka ji ana cewa go front small kuma kowa zai gane, amma wannan Burokin ne, a takarda further ko ahead za ka sa.

Gabar lokaci kuwa front ba ta da ruwa da ita ko kaɗan. Nan gaba in future ne ko later, ci gaba da aiki continue, ci gaban ƙasa progress ko development, wanda ke gaba da kai a shekaru older ne, a ofis senior. Gabana ya faɗi ma kar ka kuskura ka fassara ta kalma da kalma, za a ɗauka wani abu ya same ka a inda ba a faɗa.

Yanzu in ka ga front ta zo kafin wani suna, aikinta mai sauƙi ne, tana nuna na farko ko na fuska. Front page shafin farko na jarida, front door babbar ƙofa, front desk teburin da ake tarbar baƙi a otal ko asibiti, front camera wadda kake ɗaukar kanka da ita a waya, front row sahun farko kamar na masallaci. Masu Golf da Corolla sun san front-wheel drive, motar da tayoyin gaba ke ja. Waɗannan ba su buƙatar dogon bayani.

Inda abin ke daɗi shi ne in ka kunna labarai. Ka ji an ce sojoji suna "at the front", nan bakin daga ake nufi, inda rundunoni biyu ke goshi da goshi, irin yadda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sunka ja daga a Giginya a watan Maris na 1903 suna fuskantar sojan Turawa. A Yaƙin Duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, akwai Western Front, dogon layin ramuka da ya ratsa Beljiyam da Faransa, sojoji na zaune ciki shekara da shekaru. Daga nan kalmar ta yaɗu, lokacin korona an yi ta kiran likitoci da nas-nas frontline workers duk da ba bindiga a hannunsu, su ne ke fara cin karo da cutar. Kuma in ɗan jarida ya ce "on the economic front" ba yaƙi ake ba, ta fannin tattalin arziki kawai yake nufi, ka fassara ta da fanni ko ɓangare ka huta.

Ta wajen masu hasashen yanayi ma daga Yaƙin Duniya na ɗayan nan ta samo asali, masana a garin Bergen na ƙasar Norway ne jim kaɗan bayan yaƙin sunka ga inda iska mai sanyi ke karo da mai ɗumi ya yi kama da bakin daga, sai sunka ara. Shi ne cold front da warm front. Mu nan abin bai yi muna nisa ba, busasshiyar iskar da ke tahowa daga Sahara, mai kawo muna hunturu da hazo, tana da layin da take haɗuwa da iska mai laima daga teku, a littafin labarin ƙasa za ka ga an kira shi Intertropical Front, sai layin ya hauro arewa ya wuce mu sannan damina ke zama, shi ya sa Legas ke shan ruwa tun Maris ko Afrilu mu kuwa muna ta kallon sama har wajen Yuni.

In kuma ka gan ta da babban baƙi cikin sunan ƙungiya, to gamayya ce ta masu manufa ɗaya da sunka haɗa sahu. FLN ta Aljeriya da ta fara yaƙi da Faransa a 1954 har anka samu 'yanci a 1962, F ɗin nan Front ce, haka Polisario Front ta Yammacin Sahara, haka RPF ta su Paul Kagame a Ruwanda. Wani ya taɓa fassara irin wanga suna da "Gaban 'yantar da ƙasa", wallahi sai da na karanta sau uku, ƙungiya ko gamayya za ka ce.

Sai ma'anar da na fi son ka kiyaye don ita ce mai haɗari, front na rufa-ido. Tunda goshi shi ake gani ba a ganin ƙeya, kalmar ta zama abin da ake nuna wa duniya don a ɓoye na ciki. In ka karanta cewa wani shago "is a front", ba ana yabon shagon ba ne wai yana sahun gaba, ana nufin shagon bogi ne, kaya uku a kanta shekara biyu ba a sayar ba amma mai shi na canza mota, akwai wata harka a bayan labule. Wanda aka sa sunansa a takardar kwangila alhali mai abin na ɓoye, shi ma front ne, ko a ce yana fronting wa wane. Don haka in wani ya ce ka zo ka yi mashi front a wata harka ka tsaya ka yi tambaya da kyau, ranar da abu ya fashe goshinka za a fara gani. Mai sauƙinta kuma "put on a brave front", dakewa ke nan, ciki na ƙuna fuska na murmushi, irin na magidanci ranar jajibirin salla babu rago.

Na kasuwa guda ɗaya ne amma kullum za ka gamu da shi, upfront. Tela ko birkila ya ce a ba shi rabi upfront, kafin alƙalami ke nan, kuɗi kafin aiki. Ita dai wannan kalmar in anka jingina ta ga mutum, "he was upfront with me", ta koma ya fito mani fili bai yi ƙumbiya-ƙumbiya ba. Confront ma 'yar gidan ce, ka tunkari mutum ido da ido, lokacin zaɓe kuma za ka ji front-runner, wanda ke kan gaba cikin 'yan takara.

Yadda na sa yaron nan ya yi, kai ma ka gwada, ya ɗauki jarida ɗaya ta Turanci da biro, duk inda ya ga front ya ja layi ya rubuta Hausarta a gefe, sharaɗin kawai ba a yarda ya rubuta "gaba" ba sai in ya rasa wata. Ya dawo mani da bakin daga, fanni, shafin farko da kafin alƙalami, akwai guda da ta gagare shi, waterfront, na ce tashi mu je Kwalkwalawa in nuna maka bakin gulbi, ya ce kawu sai dai in kai za ka biya kabu-kabu, kuma upfront.