Idan Kwamfaila Ta Ƙi Nau'i Biyu Masu Suna Ɗaya

Akwai wani saƙon kuskure da yake ɗaure wa masu koyon Rust, harshen rubuta manhaja, kai, kuma matasanmu na Aboabo da Asawase da ke koyon rubuta manhaja suna yawan cin karo da shi: kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, ta fitar da lamba E0308, ta ce nau'in bayanai mai suna `Uuid` take jira, amma `Uuid` ɗin da aka ba ta bai dace ba. Mai karatu sai ya yi zaton kwamfailar ce ta rikice, alhali kuwa gaskiya ta faɗa, domin ita asalin nau'i take dubawa, wato laburaren da ya fito (kunshin manhajar da aka riga aka rubuta) da sigarsa, suna kuwa bai ishe ta shaida ba. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta MoMo a Kumasi ya san cewa mutum biyu suna iya zama takwarorin juna, amma lambar waya ce take raba su.

Yawanci abin da ya faru shi ne aikinka ya ɗauko siga biyu na laburare ɗaya. A ce ka rubuta siga 1 ta laburaren uuid a cikin `Cargo.toml`, fayil ɗin da kake jera laburaren da aikinka ke buƙata, wani laburaren da kake amfani da shi kuma yana nan a kan uuid 0.8. Cargo, kayan aikin da ke ɗauko laburare ya gina aikin Rust, yana ɗaukar waɗannan biyun a matsayin waɗanda ba sa jituwa, saboda haka yakan gina kowanne daban.

Ka fara da `cargo tree -d`, umarnin da ya shigo cikin Cargo tun siga 1.44 a shekarar 2020, zai jero maka duk laburaren da ya shigo fiye da sau ɗaya, da kuma wanda ya jawo kowace siga. Nan ne ya kamata ka natsu ka bi layin a hankali, domin mai jawo tsohuwar sigar sau da yawa yana ɓoye can ƙarƙashin wani laburaren da ba kai ka zaɓe shi ba. Goge komai a sake gini ɓata lokaci ne kawai, tunda `Cargo.lock`, fayil ɗin da ke riƙe da sigogin da aka zaɓa, zai dawo da sigogin nan biyu.

A ganina gyara mafi inganci shi ne a haɗa su a kan siga ɗaya, ko dai ka sabunta laburaren da ya tsaya a baya, ko kai ka sauko ka same shi. Idan laburaren yana sake fitar da nau'in daga cikinsa, ka ɗauko ta wannan hanyar. Idan duk ba su yiwu ba, sai ka juya ƙimar da hannunka: `as_u128` ya mayar da ita lamba, `from_u128` kuma ya mayar da lambar `Uuid` na ɗayar sigar.

Mai aiki da harshen TypeScript zai bi wannan sawun da `npm ls`, sannan ya gwada `npm dedupe`.