Yadda ake tantance ciwon damuwa a jikin matasa a asibitin sha-ka-tafi

Da wuya matashi ya shigo ya ce yana cikin damuwa. Ciwon kai zai kawo, ko ciwon ciki, ko uwa ta ce barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai an yi da gaske. A ba shi maganin zazzaɓi, bayan sati uku ya dawo a ce taifot ne. Shi ya sa ake tambayar kowa. A Amurka, tun 2018 ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar a riƙa tantance duk wanda ya kai shekara 12 sau ɗaya a shekara.

Fara da keɓe shi. "Hajiya, a ɗan ba mu minti biyar, haka muke yi da kowa." Yarinya ba za ta ce ta gaji da rayuwa a gaban mahaifiyarta ba, kunya ma kaɗai ta isa ta rufe mata baki. Idan ma'aikacin namiji ne, a samu ma'aikaciya ta zauna tare da su. Ka faɗa mata tun farko cewa zancen sirri ne, sai fa idan rayuwarta ko ta wani na cikin haɗari.

Tambaya biyu ake farawa da su, wato PHQ-2. A cikin sati biyun da suka wuce, kwana nawa abubuwan da kike jin daɗinsu suka fita daga ranki? Kwana nawa kika yi cikin baƙin ciki ko fidda rai? Ko kaɗan maki 0 ne, 'yan kwanaki 1, fiye da rabin kwanakin 2, kusan kullum 3. "Fiye da rabi" yakan rikita yara. Ka ce sama da kwana bakwai cikin sha huɗu. Idan jimilla ta kai 3, a wuce zuwa tambayoyi tara na matasa, PHQ-A, waɗanda suka haɗa da barci, cin abinci, gajiya, tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da saurin fushi. Wannan na ƙarshe shi ake yawan kuskurewa: yaron da gida ke cewa ya zama mai taurin kai, wataƙila ciwon ne.

Maki mafi yawa da za a iya samu a PHQ-A 27 ne. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani.

Amma tambaya ta tara, ta tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba ta jiran lissafi. Ko da jimillarsa 4 ce, in ya amsa da wani abu ban da "ko kaɗan", a tsaya nan. Tambaye shi kai tsaye: ka yi tunanin kashe kanka? Ka shirya yadda za ka yi? Ka taɓa gwadawa? Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Kada ka tare shi da wa'azi. Ya san haramun ne, sanin ne ma ya sa yake ɓoyewa. In akwai shiri ko gwaji a baya, kada a bar shi shi kaɗai, a shigo da iyaye, a kwashe fiya-fiya, Sniper, maganin ɓera da ƙwayoyin gida a kulle, a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ran nan.

Maki ba shi ne gano cuta ba. A duba ƙarancin jini, juna biyu, matsalar maƙoƙo, shan tiramadol ko kodin, da rasuwar da aka yi kwanan nan. A tambaya ko ya taɓa yin kwanaki ba barci, ga surutu ga rawar kai, domin maganin damuwa na iya tayar da irin wannan ciwon.

Mai sauƙi ba ya buƙatar ƙwaya: bayani ga iyaye, gyaran barci, motsa jiki, a dawo bayan sati ɗaya ko biyu. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magani ta hanyar tattaunawa a gaba, ta hana ƙwayar damuwa ga 'yan ƙasa da shekara 12. Ga matashi, fluoxetine kaɗai ta yarda da shi, a fara da miligiram 10 da shawarar ƙwararre, a riƙa ganinsa duk sati a watan farko, don tunanin kashe kansa na iya ƙaruwa a farkon shan maganin. Amitriptyline, duk da shi ya fi samuwa, kada a ba matashi. In ya haɗiye da yawa zuciya yake taɓawa.

A rubuta makin da kwanan wata a katinsa, da lambar wanda za a kira idan bai dawo ba.