Yadda ake bin sawun muryar Abubakar Imam daga Katsina

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana da wata murya da yake ji a ransa, amma ba lallai ta Alhaji Abubakar Imam ba ce. Ya rasu a 1981, zamanin rediyo da kaset, don haka neman muryarsa ba wahalar banza ba ce. Malaman da, irin su Wali Ɗan Marina, su ne dai sai rubutu.

Fara da dattawa, domin su ne ba sa jira. Imam ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta garin, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya yi Walin Katsina, saboda haka garin bai rasa waɗanda suka san gidan ba. Da wuya ka samu ɗalibinsa na shekarun 1930, sai ka nemi waɗanda suka ji shi a shekarun 1960 da 1970.

In ka je wajen dattijo, gaisa sosai, nemi izini kafin ka kunna waya, ka ajiye ta bisa tabarma kusa da shi. Kada ka ce, "Baba, muryarsa babba ce ko?" Zai ce maka e don kara. Ce masa, "Baba, a ina kuka ji shi? Da lasifika ko ba lasifika? Yana sauri ko yana jan magana?" Tambayi harshensa ma. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi zaman Katsina, sannan ya koma Zariya inda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wace Hausa ce ta rinjaya a bakinsa? Rubutu ba zai gaya maka ba, an riga an daidaita shi. Abin da mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗa, shi za ka riƙe.

Daga nan sai gidajen ajiya. Leƙa gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin, sannan ka rubuta takarda zuwa Rediyon Najeriya Kaduna da Gidan Arewa, wato cibiyar adana tarihi da ke Kaduna. Sashen Hausa na BBC ma, wanda ya fara a 1957, ya cancanci tambaya. Faɗi shekara da irin taron da kake nema.

In an dace da kaset, kada ka jefa shi cikin kowace rikoda. Tsohon zare yana tsinkewa, kuma in injin ya yi gudu ko ya yi nauyi, muryar kan sirance ko ta yi kauri. Bar ƙwararre ya juye shi a kwamfuta, ka kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Sai ka kai wa dattawan nan su saurara, ba tare da ka faɗi sunan mai magana ba. Duk sautin da ke yawo a WhatsApp babu shekara babu asali kuwa, ɗauke shi muryar wani mai karanta littafin har sai an nuna maka inda aka samo shi.