Kurakuran da sababbin 'yan kwamiti ke maimaitawa a ƙungiyar malaman maganar hannu

Duk lokacin da aka yi zaɓe a ƙungiyar malaman maganar hannu, sai an samu sababbin jini sun shiga kwamitoci: na horaswa, na kuɗi, na shirya taro, na tattara alamomi. Niyyarsu mai kyau ce. Ba a biyansu ko sisi, kuɗin mota ma daga aljihunsu yake fita. Amma kafin wata shida sai ka ga sun bi sawun waɗanda suka gabace su, kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Biyu daga cikin kurakuran nan su ne masu kashe kwamiti. Sauran gyaransu ba wuya.

Na farko shi ne gudanar da zama da baki. A ce kwamiti na mutum tara ne, uku kurame, shida masu ji. An buɗe zama da addu'a, kowa yana motsa hannu yadda ya kamata. Da aka zo kan batun kuɗin taron shekara sai gardama ta yi zafi, masu ji suka koma baki, hannuwa suka sauka kan tebur. Malamin da yake kurma ya taɓa kafaɗar na kusa da shi yana tambayar me ake ciki, shi kuma ya yi masa alamar "bari, zan faɗa maka daga baya". Daga bayan nan ba ta zuwa. In ma ta zo, jimla biyu ce a bakin ƙofa bayan an gama yanke shawara.

Ko da akwai tafinta a ɗakin matsalar ba ta kau ba. Tafinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai magana, dole ya ji jimlar ya fahimce ta kafin ya juya ta, saboda haka kullum yana baya da 'yan daƙiƙoƙi. Shugaba ya ce "akwai mai ja?", ya ɗan yi shiru, ya ce "to, an amince". A lokacin ne tambayar take isowa idon kurma. Sakatare ya rubuta cewa kowa ya amince. Bayan zama uku irin wannan malamai kurame sun daina zuwa, sai kuma a dawo ana cewa ba sa ba da haɗin kai. Haba jama'a! Harshensu ne kuke koyarwa, da shi kuke karɓar albashi, sannan ku mayar da su 'yan kallo a zaman da ake yanke hukunci a kansa?

Ni dai ƙa'idata ita ce a rubuta a takardar aikin kwamiti cewa harshen zama shi ne maganar hannu, a karanta ta a zama na farko. Wanda hannunsa bai nuna ba shi ne mai buƙatar tafinta, ba kurma ba. Akwai masu ganin a riƙa yin baki da hannu lokaci guda don a gamsar da kowa. Ban yarda da wannan ba. Harsuna biyu ne, kowanne da yadda yake jera maganarsa, kuma mai ji in ya haɗa su bakinsa ne yake cika jimla, hannun yana zubar da rabi.

Ɗakin ma sai an shirya shi. A jera kujeru rabin da'ira yadda kowa zai ga fuska da hannun kowa. Dogon tebur mai layi biyu yana ɓoye na gefe. Kada mai magana ya ba taga baya, hasken zai mayar da shi inuwa. A sa zama da hantsi ko bayan azahar, a tashi kafin magariba, don in wuta ta ɗauke babu janareta to magana ta ƙare. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, shugaba ya nuna shi da hannu, a jira idanu su koma kansa kafin ya fara. In an raba takarda ko an haska wani abu da majigi, a yi shiru har kowa ya ɗago kai, domin ido ɗaya ba ya karatu da sauraro tare. Kafin a kaɗa ƙuri'a a rubuta abin da za a zaɓa a allo, shugaba ya ƙirga goma a ransa. Malamai mata su zo da hijabi mai hannu, mai launi ɗaya, domin dogon hijabi yana haɗiye motsin hannu, atamfa mai zane da yawa kuma tana gajiyar da ido. Lemo da cincin a bari sai an tafi hutu. Wanda ke riƙe da kwalba ba ya iya magana.

In zaman zai wuce awa ɗaya kuma ana buƙatar tafinta, a nemo biyu su riƙa karɓar juna duk minti 20 zuwa 30, a kuma sa kuɗinsu a kasafi tun farko. Kada a ce wa ɗan kwamiti "ai kai ma ka iya, taimaka mana". Daga lokacin da ya fara fassara ya rasa bakinsa a zaman, ga kuma zargin ya karkatar da magana wajen ra'ayinsa.

Wannan kuskuren yana da ƙani a WhatsApp: saƙon murya. Zauren kwamiti mai kurame a ciki, sai ka wayi gari ka tarar da murya ta minti huɗu daga shugaba. A hana shi gaba ɗaya. Rubutu gajere, ko bidiyon maganar hannu da bai wuce minti biyu ba saboda tsadar data, da rana da lokaci da wuri a rubuce a ƙasansa.

Kuskure na biyu ya fi wannan barin tabo, don yana shiga aji ya zauna shekaru. Shi ne kwamitin tattara alamomi ya mayar da kansa kwamitin ƙirƙirar alamomi. Sai an san tarihin abin kafin a gane nauyinsa. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma da maganar hannun Amurka ya zo. Daga nan ta bazu a makarantu, har ta iso makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977. Amma kafin duk wannan kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun, wadda ake yi a kasuwa da majalisa da cikin gida, har masu ji da yawa sun iya ta gwargwado. Wata mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano, aka buga a shekarar 2000. Wato malami a Arewa yana tsaye ne tsakanin harsuna biyu, na makaranta da na gari, kuma yaron da aka kawo masa ajin farko, da harshen gari ya zo.

To sai kwamiti ya zauna, akasari masu ji, da jerin kalmomin Turanci 200 daga manhajar kimiyya. Duk kalmar da ba su san alamarta ba sai su ɗauki harafinta na farko a harrufan yatsu, wato siffofin hannu da ake nuna haruffa da su, su ɗan girgiza shi a gaban ƙirji, shi ke nan an samu alama. Kafin la'asar sun gama, an ɗauki hotuna, an buga ɗan littafi, an raba wa makarantu. Sakamakon? Alamomi goma masu siffar hannu ɗaya a wuri ɗaya, yaro na bayan aji ba ya bambance su. Wasu an ƙirƙira su alhali kurame suna da tasu tun kaka da kakanni. Wata ma sai ta yi kama da alamar batsa ko zagi, ɗalibai suna ƙunshe dariya, malama ba ta san dalili ba. Mafi muni, dattijon kurma ya yi alamar da ya tashi da ita, yaron makaranta ya ce masa ba daidai ba ne, ba haka take a littafi ba. Wa ya ba ku wannan izinin? Satifiket ɗin ilimin masu buƙata ta musamman, daga kwalejin Oyo ya fito ko jami'ar Jos ko ta Bayero, shaida ce ta ka iya koyarwa. Bai mayar da kai mai harshen ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda nake so a yi aikin ya fi cin lokaci, kuma na san wasu za su ce ya yi tsauri. Kurame su zama mafi rinjaye a wannan kwamiti, shugabansa ma kurma, a kuma nemi reshen jiha na Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa, NNAD, ya turo wakilai, da dattawan da ba su yi boko ba, maza da mata. Kalma 20 zuwa 30 sun isa zama ɗaya. Kada a rubuta kalmar Turanci ko a yi ta da yatsu wajen tambaya, don amsar da za a samu ita ce harrufan da aka nuna. A kawo abin kansa, ko hotonsa, ko a kwatanta aikinsa: ga maganaɗisu, ga ƙusa, me kuke ce wa wannan? A ɗauki bidiyo daga ƙugu zuwa saman kai, bango mai launi ɗaya, waya a kan abin ɗorawa, sau ɗaya ta gaba sau ɗaya ta gefe. Hoto maras motsi ba ya nuna tafiyar hannu, ba ya nuna abin da gira da kumatu da baki suke yi, kuma waɗannan suna cikin nahawun harshen. Kowane bidiyo a rubuta garin mai alamar da kimanin shekarunsa, a kuma nemi izininsa da maganar hannu a cikin bidiyon. In Kano da Zariya da Sakkwato sun ba da alama uku, a ajiye ukun. Sai inda aka tabbatar babu ko ɗaya ne kurame za su kawo shawara, a gwada ta zangon karatu guda a makarantu biyu ko uku. Wadda yara suka ɗauka suna yi a filin wasa ta zauna. Wadda suka watsar a cire ta, ko shugaba ne ya kawo ta.

Sauran kuwa a taƙaice. Kada ka karɓi kwamiti fiye da ɗaya a shekararka ta farko, ga aji ga makin jarrabawa. Kada ka shiga kwamitin da ba a rubuta aikinsa, da ranar miƙa rahotonsa, da wanda zai karɓa ba. Rahoton zama shafi ɗaya ya isa: me aka yanke, wa zai yi, yaushe. A tura shi cikin kwana uku, tare da bidiyonsa na maganar hannu. In sakatare kurma ne a dakata masa ya rubuta, ko a ɗauki zaman a waya.

Kuɗi ba sa kwana a asusun ma'aji na kansa, komai amanarsa. Asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa fitar da kuɗi, kowace naira da rasit. Hakan yana buƙatar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma rajistar tana da rahoton shekara da ake yawan mantawa har tara ta taru.

Ranar Harsunan Hannu ta Duniya, 23 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2017 aka fara a 2018, kada ta cinye kasafin shekara a riguna da rumfa da abincin manyan baƙi. Ni kashi ɗaya cikin huɗu nake ware mata, saura na horar da malamai. Masu rubuta wa ma'aikatar ilimi wasiƙa kuma su daina roƙo kamar masu neman sadaka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce maganar hannu ta shiga manhajar firamare da sakandare da manyan makarantu. A kafa hujja da ita, a duba ko jiha ta yi tata dokar, a haɗa su biyun.

In wa'adinka ya ƙare, ka miƙa komai cikin mako biyu: rahotanni, rasit, bidiyoyi a kan filas guda biyu da za a ajiye a hannun mutum biyu, da lambobin sirri na imel da shafin Facebook na ƙungiya. Imel ɗin da aka buɗe da lambar wayar tsohon sakatare a canja ta a gabansa kafin a tashi daga zaman.