Yadda za ki tattara hankalinki a wurin wanke-wanke

Hannu na cikin kumfa, zuciya kuwa tana can kasuwa tana lissafin kuɗin cefane. Ga yadda za ki dawo da ita gida.

1. Bar wayarki a ɗaki.

2. Kafin ki taɓa kwano, yi bismillah, ki ja numfashi a hankali sau 3.

3. Zuba wa tukunyar tuwo ruwa ta jiƙa, ki fara da kofuna. Lura da sanyin ruwan a yatsunki, da ƙamshin sabulu, da yadda soso ke zamewa a kan faranti mai maiƙo. In manja ya kama roba, kada ki yi gaggawa, kalli yadda jan ke dusashewa kaɗan-kaɗan.

4. Tunani zai zo, ba makawa: kuɗin makarantar yara, ko maganar da aka yaɓa miki jiya. Kada ki zargi kanki. Ce a ranki "na gan ka", ki koma kan kwanon da ke hannunki. Ko sau 20 ne, sake dawowa.

5. Ƙarasa da kankare ƙanzo, kina sauraren ƙarar cokali a gindin tukunya. Ni dai a nan na fi samun natsuwa. Sai ki ɗauraye, ki kife su su tsane.