Yadda zumuntarku za ta fita ta yi wa mutane hidima

Yawancin ƙananan zumuntocinmu, ko addu'ar gida ce ko zumuntar mata ko ta matasa, mun iya taruwa, mun iya waƙa, amma da an ce a fita a duba mabukata sai kowa ya ce bari a samu kuɗi tukuna. Toh kuɗin nan fa ba zuwa zai yi ba, ku fara da abin da ke hannu.

Kar ku zauna a mitin kuna ganin kun san damuwar mutane. Ku tura mutum biyu su je su gaida mai unguwa su faɗa masa nufinku, shi ya san gidan da maigida ya rasu ya bar yara, ya san tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Legas ba aike ba waya, ya san kangon da 'yan gudun hijira suka sauka. Fasto da dattawan ikilisiya ma a sanar da su tun farko, kar su ji a bakin wasu.

Sai ku zaɓi abu ɗaya tak. In a ƙauye kuke, ni a ganina ba abin da ya kai gayya, ku ɗauki fartanya ranar Asabar ku nome wa gwauruwa gonarta, ba ko sisi da za a kashe, amma ku je da abincinku fa, kar ku bar ta da nauyin ciyar da ƙarti goma sha biyar. In kuma hatsi za a tara, a tara shi da kaka lokacin da yake araha, kowa mudu ɗaya na masara ko dawa, a adana da kyau saboda ƙwari, sai wajen Yuli da Agusta da rumbuna suka yi ƙasa a fito da shi. Kowa da Kirsimeti yake tuna talaka, alhali yunwar tana tsakiyar damina.

Masu zuwa asibiti, ku nemi izinin nas mai kula da ɗakin, ku je lokacin ziyara, ku riƙe sabulu da omo da kunu a filas, a rage ƙarar waƙa don akwai wanda ko motsi baya so. Ku tambaya kafin ku yi wa mutum addu'a. Maƙwabcinku Musulmi ne ko Kirista, a ba shi ba sharaɗi, ba wai sai ya zauna ya ji wa'azi ba sannan a miƙa masa leda. In ya tambaye ku dalili, nan ne ƙofar bishara ta buɗe.

Maganar hoto kuwa, don Allah a aje waya. Uwa ta karɓi mudu biyu, kafin yamma fuskarta ta zaga gurup na WhatsApp, gobe ko tana mutuwa ba za ta sake buɗe muku ƙofa ba. Matiyu 6 ya riga ya gama wannan magana, ya ce a yi sadaka a ɓoye.

A samu ma'aji da littafi, abin da ya shigo da wanda ya fita a karanta gaban kowa. Ko a Ayyukan Manzanni 6 sai da gunaguni ya tashi kan rabon gwauraye, aka zaɓi mutum bakwai suka riƙe aikin. Kuma kafin ku bar gidan da kuka je, ku sa ranar komawa, a ba mutum ɗaya gidan ya riƙa leƙawa ko da sau ɗaya ne a wata.