Yadda ake cin abinci a ƙaramin gidan abincin iyali a Koriya

In Allah ya kai ka Koriya ta Kudu, ko karatu ko kasuwanci, don Allah kar ka ƙare a manyan wuraren nan masu fitilu kala kala. Nemi ƙaramin shagon lungu wanda mata take kicin mijin yana karɓar kuɗi, wani lokacin ma ɗansu ne ke share tebur, wallahi a nan abincin gaskiya yake. Irin wajen mai tuwon unguwa ne da kowa ya san hannunta.

Da ka shiga ka fara duba ƙasa, in ka ga takalma jere a bakin ƙofa to cire naka, zaman ƙasa ake yi a kan ɗan matashi. Cokali da tsinken cin abinci na ƙarfe ne, in baka gansu ba laluba gefen teburin akwai ɗan durowa, a ciki suke. Ruwa kuma sau da yawa kai za ka tashi ka ɗebo. Ba wanda zai zo ya tsaya maka a ka, kai za ka kira, ka ce yeogiyo, wato ga ni nan, da ɗan ƙarfi ba rashin kunya bane. Matar ana ce mata imo, wato inna, ko sajangnim in ita ce mai wajen.

Toh ga inda nake so ka natsu sosai, maganar alade. Sunansa dwaeji gogi, rubuta shi a waya da rubutunsu ka nuna tun kafin ka yi oda, don yana shiga inda baka zata ba. Samgyeopsal alade ne zalla, kimchi jjigae, miyar kimchi wato tsimammen kabejinsu mai yaji, yawanci da shi ake dafawa, mandu, ƙullin fulawa mai nama a ciki, ma haka, kimbap, naɗin shinkafa a ganyen teku, ana yawan sa masa ham wato sarrafaffen naman alade, shi kuma gamjatang kar sunan ya ruɗe ka wai miyar dankali, ƙashin bayan alade ne a ciki. Bulgogi naman sa ne amma wasu suna jiƙa shi da giyar girki, kuma kaza da sa ɗin nan ba yankan Musulmi bane, in kana son yankakke ka nufi unguwar Itaewon kusa da babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976. A shagon iyali ni dai gasasshen kifi nake ba da shawara, saengseon gui, ko bibimbap, shinkafa da kayan lambu a kwano ɗaya, ka ce a cire nama, gogi ppaejuseyo. Kuma a nan amfanin ƙaramin waje yake, wadda ta dafa ita kake tambaya, ta san abin da ta zuba a tukunyarta.

Kafin abincinka ya iso za ka ga an cika teburin da ƙananan kwanuka, kimchi, tsiron wake, alayyahu da man riɗi, ƙananan kifi, kar ka firgita ka ce ban yi oda ba, banchan kenan kuma kyauta ne, in ya ƙare ka nemi ƙari a ƙaro. Sai dai kar ka nemi abin da ba za ka cinye ba, da asuba matar ta tashi ta haɗa su da hannunta. In baka san me za ka zaɓa ba ka ce baekban, shinkafa da miya da duk abin da aka dafa ranar.

Shinkafa da miya da cokali ake ci, kuma ba a ɗaga kwanon a kai baki. Kar ka soka tsinken a tsaye cikin shinkafa, yana musu kama da abincin da ake ajiye wa mamata. Da babba a teburin, bari ya fara, ya miƙo maka abu karɓa da hannu biyu. In an kawo bibimbap a kwanon dutse kar ka taɓa, yana ƙuna ba wasa, cakuɗa shi da gochujang, jan yajinsu mai kauri, ka bar na ƙasan ya yi ƙanzo.

Wasu abincin sai mutum biyu ake sayarwa, kuma shaguna da yawa suna rufewa wajen ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma su huta. Kuɗi a kanta ake biya wajen fita, ba a barin tukuici a tebur. Kana fita ka ɗan rusuna ka ce mata jal meogeosseumnida, wato na ci na ji daɗi.